Kai Yara Hutu Bakin Tafki: Abin Da Ya Kamata Magidanci Ya Sani

A al'adarmu, idan makaranta ta ba da hutu, abin da magidanci ya saba yi shi ne ya aika da yara wurin kakanninsu, ko kuwa ya bar su gida su yi ta aike da ɗawainiya har ranar komawa. Ziyarar dangi abu ne mai kyau, ba wanda zai ce a daina ta. Amma akwai wata irin tafiya wadda ba ta da tsada ƙwarai, ga ta kuma da amfani ga yaro da babba, watau mutum ya kwashi iyalinsa su tafi bakin wani babban ruwa su yini, ko su kwana ɗaya ko biyu. Yaron da aka haifa a tsakiyar Kano, ko Gusau, ko unguwar Sabo ta Ibadan, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gida ba, ranar da ya tsaya bakin Kainji ya duba bai hango ɗaya gaɓar ba, ya sami wani ilmi wanda malami ba ya iya zana masa a allo. Gani ya kori ji.

A dā, in ka ɗebe Tafkin Chadi da wasu 'yan tafkuna, babu irin wannan ruwa a yawancin ƙasar nan. Tun daga 1968 da aka gama madatsar Kainji, Gwamnatin Tarayya da na Jihohi suka yi ta datse koguna domin wutar lantarki, da noman rani, da ruwan sha. Yau da wuya a sami jihar da mutum zai yi tafiyar rabin yini a mota bai iske wani dam ba.

Sai dai ba domin wanka aka tara wannan ruwa ba, kuma kusan dukkan wuraren babu ma'aikacin da aka ɗauka musamman don ceton wanda ya nutse. Abin da wannan ɗan littafi yake so ya tabbatar a zuciyar mai karatu shi ne: a kai yara tafki domin su kalli ruwa, su hau kansa bisa ƙa'ida, su ci kifinsa, su ji tarihinsa, amma kada su shiga cikinsa. Wanda ya yarda da wannan tun daga gida, sauran shiri mai sauƙi ne.

Wane tafki za a nufa?

Mafi kusa ya fi. Ƙaramin yaro ba ya jimrin zama cikin mota, kuma tafiyar da ta ci awa shida zuwa, shida dawowa, ta cinye hutun tun ba a fara ba. Ga wanda bai taɓa yi ba, ya fara da wurin da zai tafi da safe ya dawo kafin magariba.

Mazauna Kano da kewaye suna da Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan Kogin Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 kudu da birni. Faɗin ruwanta ya kai wajen murabba'in kilomita 178, ga duwatsu kewaye masu ban sha'awa. Ba nisa da ita akwai Bagauda, wadda manya za su tuna da otel ɗinta na bakin ruwa. A wannan wuri ne reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya yake zaune yanzu, saboda haka kada a tafi da niyyar kama ɗaki can. Mutanen Gombe suna da Dadin Kowa a kan Kogin Gongola, na Adamawa suna da Kiri a kan wannan kogi dai, na Sakkwato suna da Goronyo, na Katsina suna da Zobe. A Abuja akwai Tafkin Jabi a tsakiyar gari, wanda shi ne mafi sauƙi ga mai ƙananan yara, domin abinci da inuwa da asibiti duk suna kusa.

Waɗanda ke zaune a kudu kada su ce abin ya wuce su. A Jihar Imo akwai Tafkin Oguta, wanda ba ɗan Adam ne ya datse shi ba, kuma inda ruwansa ya gamu da na Kogin Urashi ana ganin launi biyu suna tafiya gefe da gefe, ɗaya garau, ɗaya jawur da laka. A Anambara akwai Tafkin Agulu, wanda mutanen wurin ba sa taɓa kadojinsa bisa al'adarsu. Baƙo ya girmama al'adar, ya kuma riƙe hannun ɗansa.

Kainji ita ce babbar yaya. Ruwanta ya miƙe tsawon sama da kilomita 130 tsakanin Jihohin Neja da Kebbi, kuma a gefensa ne aka kafa gandun daji na ƙasa na farko a 1979, da aka haɗa dazukan Borgu da Zugurma. Ana shiga Sabuwar Bussa ta Mokwa ko ta Kontagora. Amma a nan wajibi ne a faɗi gaskiya: daga wajen 2021 an sha samun 'yan bindiga cikin dazukan Borgu, haka nan yankin Shiroro ya sha fama da su. Tafkin Chadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 kafin farin shekarun 1970 da na 1980 su janye mafi yawansa, rikicin da ya ɓarke a 2009 ya fitar da shi daga cikin wuraren da ake kai iyali. Duk inda za a nufa, a tambayi mutumin da ya bi hanyar cikin makon nan, ba wanda ya bi ta bara ba. Direbobin tasha sun fi kowa sanin wannan.

Akwai wani irin ruwa da ba mu sa shi cikin lissafi ko kaɗan, watau ramukan da masu haƙar kuza suka bari a kewayen Jos da Bukuru. Suna da kyan gani, ruwansu shuɗi, amma gefensu a tsaye yake kamar rijiya. Taku ɗaya daga gaɓa, zurfin ya shanye babban mutum.

Wane lokaci?

Makarantu sukan ba da hutu sau uku: a Disamba, da wajen Afrilu, sai dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. A ganinmu hutun Disamba ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Hanyoyi sun bushe, dam ya cika da ruwan damina, sauro ya ragu, zafin rana kuma ya yi sauƙi. A Kainji ma akwai wani abin mamaki: ruwan saman da ya zuba a duwatsun ƙasar Gini yakan yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso Nijeriya, sai ya zo a tsakiyar hunturu, lokacin da sauran koguna suka fara ja baya. Aibin hunturu shi ne sanyin asuba da hazo. A tafi da rigunan sanyi da man shafawa, kuma yaron da ke da asma kada a manta da maganinsa.

Hutun Afrilu ya faɗa cikin bazara. Zafi yana galabaitar da yara, kuma shi ne yake sa su roƙi a bar su su faɗa ruwa, har uba ya gaji ya ce to.

Dogon hutu kuwa damina ce tsaf. A wannan lokaci hadari yakan taso daga gabas da la'asar, cikin ɗan lokaci kaɗan ruwan da yake kwance kamar tabarma ya koma igiyoyi masu iya kifar da jirgi. Lokacin ne kuma masu kula da madatsu sukan buɗe ƙofofi su saki ruwa, sai wurin da ake takawa a ƙasan dam da safe ya zama kogi da azahar. Mutanen Maiduguri ba za su manta da watan Satumba na 2024 ba, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya ci gari. Wanda ba shi da dama sai a dogon hutu, ya yi tafiyar yini, ya tsaya a tudu, ya bar zancen jirgi sai kaka ta wuce.

Tsargiya

Yawancin iyaye tsoron nutsewa kaɗai suke yi. Sai su ce wa yaro ya tsaya a baki-baki inda ruwa bai wuce gwiwa ba, su ga kamar sun tsare shi. Alhali kuwa wannan baki-bakin, inda kainuwa da bado da ciyawa suke, nan ne gidan tsargiya.

Ga yadda cutar take. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar su fita su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sai su nemi wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, irin wanda yara ke wasa da katantanwarsa, su shige jikinsa su yi makonni suna hayayyafa. Daga nan sai su riƙa fitowa dubbai, ido ba ya ganinsu, suna iyo suna neman fatar ɗan Adam. Ba sai an sha ruwan ba, ba kuma sai akwai rauni a jiki ba. Cikin 'yan mintoci suke huda lafiyayyar fata su shiga jini. Irin wadda ke kama mafitsara ta fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yaro ya fi son ruwa. A cikin jiki sai su girma su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara ko hanji, su yi shekaru suna zuba ƙwai, ƙwan kuma shi ke yi wa jiki rauni.

Alamar da aka fi sani ita ce jini a ƙarshen fitsari, wanda yakan bayyana bayan wata biyu ko uku. A wasu garuruwanmu abin ya yi yawa har an ɗauke shi alamar balagar ɗa namiji. Wannan kuskure ne babba. Yaron da ke zubar da jini kullum yakan rame, jininsa ya ragu, karatu ya yi masa nauyi. In aka bar cutar ta daɗe tana iya lalata ƙoda da hanta, tana jawo ciwon daji na mafitsara, ga 'ya'ya mata kuma tana taɓa mahaifa har ta kawo matsalar haihuwa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta a duniya, kuma an daɗe da sanin cewa datse kogi da haƙa magudanan noman rani suna ƙara wa dodon koɗin wurin zama.

Mai karatu zai ce, ai ga yaran ƙauyen can suna ta iyo, lafiyarsu lau. Da za a auna fitsarinsu da an ga abin da ido bai gani ba. Kada kuma hasken ruwa ya ruɗi kowa, domin ruwa mai garau yana ɗauke da ita kamar yadda mai laka yake ɗauka.

Saboda haka ba wanka, ba wanki, ba tsoma ƙafa. Alwala ma a yi ta da ruwan da aka zo da shi daga gida, ko na rijiyar burtsatse. Idan dole ta sa a yi amfani da ruwan tafki don wanke jiki, a tafasa shi ya huce, ko a ɗebe shi a ajiye cikin mazubi mai murfi har kwana biyu, domin tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta sami jikin mutum ba. Ajiyewar nan maganin tsargiya ce kawai, ba ta mai da ruwan na sha ba. In yaro ya zame ya jiƙe, a goge shi da tawul nan da nan, a sake masa tufafi, amma a rubuta ranar a ajiye, don gogewa ba ta isa a dogara da ita ba. Yaron da ya nace sai ya yi iyo, a kai shi kwamin wanka na otel wanda ake zuba wa sinadarin kulorin, babba yana tsaye a kansa.

Shiga jirgi

Babu abin da yaro zai fi tunawa da shi kamar ranar da ya shiga kwale-kwale. Ba mu ce a hana shi ba. Amma a tuna da abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai, Jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba, 2021, inda jirgi ya kife da mutanen da suka taso daga Badau za su Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayu na wannan shekara dai, wani jirgi mai ɗauke da mutane sama da 150 ya dare a kusa da Wara ta Jihar Kebbi, ƙalilan ne suka tsira. A duka biyun an ambaci lodi fiye da kima. Waɗannan ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, mutane ne da suka saba da ruwan, amma irin jiragen da suka shiga su ne baƙo zai tarar a gaɓa.

Da an isa, a fara neman Sarkin Ruwa ko shugaban masu jirage na wurin, a gaisa, a gaya masa da yara aka zo. Shi ya san matuƙin da ke da hankali da wanda ke da gaggawa, ya san inda dorina take kiwo, ya san inda kututturan itatuwa suke. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin tafkunanmu daji ne da gonaki ruwa ya rufe, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, idan ruwa ya ja baya sai su zo daf da sama, jirgin katako mai gudu kuwa in ya hau kan ɗaya sai ya tsage. Dorina kuma, wadda ake samu a Kainji da Dadin Kowa da Kiri, kyanta daga nesa. Mai ɗa a cikinsu ba ta barin jirgi ya matso.

In hali ya yi, magidanci ya yi shatar jirgi shi da iyalinsa kaɗai, a yi ciniki tun a tudu, a faɗi inda za a kai da lokacin dawowa. Ya duba cikin jirgin da idonsa: in ya ga yaro zaune yana ta kwarfar ruwa da ƙwarya tun ba a tashi ba, ya nemi wani. In jirgin haya ne na kowa da kowa, aka fara ɗora babura da buhuna a kan mutane, ya sauko da 'ya'yansa ko da ya riga ya biya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka fi sani da NIWA, da aka kafa a 1997, ta wajabta sa rigar kariya, watau rigar nan mai sa mutum ya taso saman ruwa, ta kuma hana tafiyar dare. Sai dai a gaɓoɓi da yawa ba za a sami rigar ba, in an samu ma ta manya ce. Rigar babba ba ta tsare yaro, domin da ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa ta bar shi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗaura masa ita, a kama kafaɗunta a ɗaga sama, in ta haura haɓarsa da kunnuwansa, ta yi masa yawa. Wanda ya yi niyyar sa 'ya'yansa cikin jirgi ya sayi nasu tun daga birni. Kuɗinta bai kai na ɗinkin Salla ba, kuma ƙane zai gaji ta wa.

Jinjiri kada a shiga da shi. Uwa mai goyo ta zauna a tudu, domin in jirgi ya kife da mace da ɗa ɗaure a baya, kan ɗan ne yake fara shiga ruwa, ita kuwa ba ta da hannun kwance shi. Manyan riguna da dogon hijabi da zane mai nauyi sukan sha ruwa su naɗe ƙafafu, saboda haka a sa tufafin da suka rufe jiki amma ba su da yalwa, a ɗaura rigar kariya a bisansu. A cikin jirgi kowa ya zauna, ba tsayuwa don ɗaukar hoto, ba taruwa gefe guda don kallon kifi. A fita da hantsi a dawo kafin azahar, kuma kada a kusanci bangon dam ko inda ruwa ke shiga injuna.

Ido a kan yaro

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Mutane suna zaton mai nutsewa yakan yi kururuwa yana ɗaga hannu. Galibi ba haka ba ne. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, ƙaramin yaro kuwa shiru yake tafiya, ko a ruwan da bai kai gwiwar babba ba.

Abin lura, yaro ya fi ɓacewa lokacin da manya suka yi yawa, domin kowa yana zaton wani na kallonsa. Maganin wannan shi ne a ambaci sunan mutum ɗaya, a ce wane, yaran nan suna hannunka har a gama cin abinci. Wanda aka ba wannan aiki ya ajiye waya, ya bar hira, ƙananan su kasance inda hannunsa zai kai gare su. In ya gaji ya danƙa wa wani baki da baki. Lokacin salla ma haka: kada manya su tayar gaba ɗaya su ba ruwa baya, ɗaya ya tsaya, in an idar ya yi tasa. Kada kuma a ɗora wannan nauyi a kan yarinya 'yar shekara goma don ta saba raino a gida. Ita ma yarinya ce, ita ma kallo ta zo.

In tsautsayi ya faɗa, wanda bai iya ruwa ba kada ya bi, don sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. A yi kururuwa a kira masunta, a miƙa doguwar gora ko rawani, ko a jefa jarkar da babu kome ciki an toshe bakinta, ɗaure da igiya. Yana da kyau a ajiye irin wannan jarka kusa da tabarma tun da aka sauka. In an fito da yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa cikinsa don ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko taimako ya zo. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da wannan, kuma koyo da hannu ya fi karantawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a wuce da shi asibiti, domin huhun da ya sha ruwa yakan tayar da ciwo bayan awoyi. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma a tambayi inda asibiti mafi kusa yake tun ranar isowa.

Guzuri da masauki

Ruwan sha ya fi kome, a ɗauki fiye da yadda ake zato. Abinci kuwa wanda ba ya saurin lalacewa: dambu, soyayyen nama, ƙuli-ƙuli, burodi, dabino, lemo. Kifin bakin ruwa a saye shi da zafinsa daga wuta, a cire wa ƙanana ƙaya. A sa cikin jaka maganin zazzaɓi na yara, da auduga da filasta, da ƙullin gishiri da sukari na maganin zawo irin wanda ake sayarwa a kantin magani, da tocila, da takalma masu rufe ƙafa saboda ƙugiya da fasassun kwalabe da maciji.

In za a kwana, kada a dogara da sunan da wani masauki ya yi shekaru talatin da suka wuce. Da yawa daga gidajen saukar baƙi da aka gina bakin madatsu sun canja hannu ko sun lalace. A buga waya, ko a roƙi wani ya leƙa ya ga ko akwai ruwa da wuta, ya ga kuma ko ƙofar ɗakin tana buɗewa kai tsaye zuwa gaɓa. Gidan sauro mai magani a tafi da shi daga gida ko da hunturu ne, domin sauron bakin ruwa ba ya hutu. A riƙe tsabar kuɗi, saboda layin waya yakan ɗauke a ƙauye, a kuma ware wani abu wanda ba za a taɓa ba sai mota ta lalace ko wani ya kwanta. A duba taya da birki, yara su zauna a kujerar baya, a gaya wa wani ɗan'uwa inda aka nufa da ranar dawowa.

Abin da yaro zai dawo da shi

Kada yawan gargaɗin nan ya sa a zaci za a je ne a ɗaure yara gindin itace. A tashe su da sassafe su ga masunta suna fitowa da kamun dare. A bar su su tambayi sunan kowane kifi: ga karfasa, ga tarwaɗa, ga kurungu mai ƙaya a baya, ga yauni mai dogon jiki, ga minjirya wadda ke girgiza hannun wanda ya taɓa ta, in an yi sa'a a ga giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun ɗaga. Su ga yadda ake jefa birgi ya buɗe kamar faifai, da yadda mata ke banda kifi. Su ƙirga zalɓe da balbela da kirinjijiya. Mai ɗan littafi da fensir ya rubuta, wanda bai iya rubutu ba ya zana.

A Tiga a nuna musu magudanar da ke ɗauke da ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura, a ce musu shinkafa da tumatirin da suke ci da rani daga nan suka sha. A Kainji a gaya musu nauyin ruwan nan ne yake juya injunan da ke ba da wutar da suke karatu da ita. A gaya musu kuma a ƙarƙashinsa akwai gari sukutum, watau Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, kuma sai da aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu da gonakinsu da kaburburan iyayensu kafin a tara shi. In an sami dattijon da aka haifa a tsohon garin, a kai yara su gaishe shi, su zauna su ji daga bakinsa. Kafin a tashi kuma su tattara ledoji da kwalaben da aka zo da su, domin mutanen wurin da dabbobinsu wannan ruwa suke sha.

Bayan an dawo gida

Duk yaron da ya yi zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo bayan tafiya, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wanda ya jiƙe da ruwan tafki kuwa, ko bai nuna wata alama ba, a kai shi a auna fitsarinsa da bayan gidansa bayan wata biyu zuwa uku. Maganin tsargiya, wanda ake kira firazikwantal, yana nan a asibitoci, ana kuma raba shi a makarantun yankunan da cutar ta yi yawa. Amma manyan tsutsotsi yake kashewa, saboda haka shan sa washegarin dawowa ba ya wadatarwa, kuma likita ne zai auna yawan da ya dace da nauyin yaro. In an je wurinsa, a faɗa masa sunan tafkin da ranar da yaron ya shiga.